An yi mini aikin afendis na gaggawa, ga wasan Mishigan da Ohayo ya ƙarato: in je filin ko in haƙura?

Ɗan Rawaya da Shuɗi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jinya, da kuma ta waɗanda suka saba shiga filayen wasan ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, na jami'o'in Amurka, domin matsalata ta haɗa ɓangarorin biyu ne, kuma wanda ya san ɗaya kawai da wuya ya gane abin da ya hana ni yanke hukunci ni kaɗai.

A farkon watan nan na Nuwamba aka yi mini aikin cire afendis cikin gaggawa. Ciwon ya fara ne a kewayen cibiya, daga baya ya gangara gefen dama na mara, ya zo da amai da zazzaɓi, har ta kai ko tari na yi sai na dafe ciki. Da aka kai ni sashen gaggawa aka ɗauki hoton cikin, likitoci suka ce ba za a jira wayewar gari ba. Ta ƙananan huji uku da kyamara aka yi aikin, ba a tsaga cikin ba. Alhamdu lillahi yanzu ina gida, ina takawa da ƙafata, ina cin abinci, sai dai gajiya tana saurin kama ni, kuma wurin hujin cibiya yana ja na duk lokacin da na miƙe daga kujera.

Ga inda gizo ke saƙar. Tun zuwana karatu Jami'ar Mishigan son ƙungiyarta ya shiga raina, na gama karatun na kama aiki, amma ban daina sayen tikitin kaka ba. Duk mai bin wannan wasa ya san kakar gajera ce, wasa goma sha biyu ne tsakanin ƙarshen Agusta da ƙarshen Nuwamba, kuma a cikinsu babu wanda ya kama ƙafar na ƙarshe, wato karonmu da Jami'ar Jihar Ohayo, wanda aka fara tun 1897. Bana a yi a Ann Arbor, garin jami'armu, baɗi a yi a Kolumbus, garin tasu, saboda haka wanda na gida ya wuce shi sai ya jira shekara biyu. Na bana a gidanmu ne, tikitina yana hannu, kuma ranar za ta faɗo kimanin mako uku bayan aikin. Ina cikin filin a 2021, dusar ƙanƙara na zuba, lokacin da muka ci su 42 da 27 bayan sun yi wasa takwas a jere suna doke mu, kuma har yau ban ga ranar da ta kai waccan daɗi ba a harkar wasa, ko da ranar da muka ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2024.

Tambayata ita ce, shin mako uku ya isa mutum ya je ya zauna a wannan fili? Shin ihu da tsalle, waɗanda ba na jin zan iya riƙe kaina daga yin su idan wasa ya yi zafi, suna iya ɓata ɗinkin? Na karanta cewa akwai 'yan wasan da suka koma fili mako biyu kacal bayan irin wannan aiki, ana karo da su ana kayar da su, to ni da kallo kawai zan yi, me zai hana ni?

Mai Jinyar Dare ta rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen da ake kwantar da waɗanda aka yi wa tiyata, don haka irin tambayarka ba baƙuwa ba ce a wurina, musamman a wannan lokaci na shekara. Amma akwai abu ɗaya da ba ka faɗa ba, kuma a kansa amsar ta rataya: shin afendis ɗin ya fashe kafin a cire shi, ko kumbura kawai ya yi?

Dalilin tambayar shi ne, aiki iri ɗaya ne a ido, amma jinya biyu ce daban. Afendis ɗan siririn reshe ne da ke maƙale a farkon babban hanji. Idan bakinsa ya toshe sai ya kumbura, ƙwayoyin cuta su taru a ciki. In aka cire shi a wannan mataki, to an fitar da cutar gaba ɗaya tare da shi, abin da ya rage sai warkewar huji, shi ya sa mutane da yawa suke komawa gida a ranar ko washegari, kuma su koma harkokinsu marasa nauyi cikin mako ɗaya zuwa uku. In kuwa ya riga ya fashe, ƙazantar da ke cikinsa ta zuba a cikin ciki, likita zai wanke iya abin da ya gani, sauran kuma jiki ne da maganin kashe ƙwayoyin cuta za su yi yaƙinsa. A irin wannan hali abin da muke tsoro shi ne mugunya ta taru a wani lungu na ciki, kuma tana da halin ɓoyewa, mutum ya ji ya samu sauƙi, sai a mako na farko ko na biyu, wani lokaci ma bayan haka, zazzaɓi ya dawo, ci ya ragu, ciwo ya sake tashi ko gudawa ta sa shi gaba.

Game da ɗinki, abin da kake gani a fata ba shi ne abin dubawa ba. Fata takan haɗe cikin kwana goma zuwa mako biyu, amma a ƙarƙashinta akwai tantani mai ƙarfi da ke riƙe da kayan ciki, shi ma an huda shi, kuma yana ɗaukar kimanin mako shida kafin ya samu ƙarfin kirki. Hujin cibiya galibi shi ne mafi girma, domin ta nan kyamara kan shiga, sau da yawa kuma ta nan ake fito da afendis ɗin, saboda haka jan da kake ji a wurin ba abin mamaki ba ne. Idan aka matsa wa wannan tantani kafin ya yi ƙwari yana iya buɗewa, hanji ko kitse ya turo fata, a samu ƙabar ciki, wadda maganinta wani aikin ne daban. Wannan ne ya sa ake cewa kada a ɗaga abin da ya wuce fam 10, wato kimanin kilo 4 da rabi, na wasu makonni. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, da aka auna matsin da ke taruwa a cikin ciki a lokutan motsi daban-daban, tari mai ƙarfi da tsalle suna cikin abubuwan da suka fi ɗaga shi. Ihu ɗaya ba zai farke ɗinki ba, ba na so in tsorata ka da abin da ba haka ba. Amma ihu daga ƙasan ciki na tsawon awa uku da rabi, ana yi ana zabura ana dirowa, wani abu ne daban.

Ka faɗa mana ko ya fashe, da kuma ranar da likitanka ya ce ka koma ya duba ka.

Ɗan Rawaya da Shuɗi ya rubuta:

Na gode ƙwarai, 'yar'uwa, Allah ya saka da alheri. Likitan ya ce ya ɗan fashe ta gefe kafin su shiga, amma ƙazantar ba ta bazu sosai ba. Sun riƙe ni a asibiti na 'yan kwanaki ana ba ni magani ta jijiya, sannan suka sallame ni da ƙwayoyin da nake sha yanzu. Ranar komawata wurinsa ta faɗo a makon wasan, 'yan kwanaki kafin Asabar ɗin. Maganin ciwo mai ƙarfin na daina sha, farasitamol kawai nake amfani da shi idan dare ya yi.

Dattijon Kolumbus ya rubuta:

Ƙanena, sannu da jiki. Kamar yadda sunana ya nuna, ni ɗan wancan ɓangaren ne, ja da toka nake sawa, kuma a ranar wasan ba zan yi wa ƙungiyarka fatan nasara ba. Amma lafiyarka ba ta cikin abin da muke hamayya a kai, don haka ka saurare ni da kunnen ƙani.

Ni ma an yi mini wannan aiki shekaru da dama da suka wuce, nawa ma tsagawa aka yi, kuma na san yadda mutum yake ji a mako na biyu zuwa na uku: a cikin ɗaki sai ka ga kamar ka warke, amma da ka fita ka yi tafiyar da ta ɗan yi nisa sai jiki ya gaya maka gaskiya. Ina so ka daina lissafa wasan kawai, ka lissafa yinin gaba ɗaya, domin wahalar ba a kan benci take farawa ba. Na sha zuwa filinku a matsayin baƙo. Wannan wasa bisa al'ada da ƙarfe goma sha biyu na rana ake fara shi, wato tun da sassafe za ka fito cikin sanyin ƙarshen Nuwamba, wanda a Mishigan yakan kusa daskarar da ruwa, wani lokaci ma ya wuce haka. Ba za ka samu wurin ajiye mota a bakin ƙofa ba, ko dai filin golf na jami'ar ko wata unguwa da ke nesa, daga nan ka taka. Filin yana ɗaukar mutum 107,601, shi ne mafi girma a Amurka, kuma tun 1975 duk wasan gida da aka bari 'yan kallo suka shiga sai an haura mutum dubu ɗari. Duk waɗannan mutane ta ƙofofi da matakalai iri ɗaya za su bi, kafaɗa da kafaɗa, kuma gwiwar hannun mutum tana daidai da tsayin cikin na kusa da shi. Tun da aka buɗe filin a 1927 yawancinsa a cikin ƙasa aka haƙa shi, saboda haka mafi yawan 'yan kallo gangarawa suke yi zuwa wurin zamansu, kuma duk matakalar da ka sauka sai ka hau ta, ko don zuwa bayi ko don fita. Bencin ba shi da abin jingina, a matse ake zama, kowa da rigunan sanyi masu kauri, kuma a wasa irin wannan ai ba a zama ma, da na gabanka ya miƙe dole ka miƙe in kana so ka ga fili. Ka tuna abin da ya faru a 2021 ɗin da kake magana: da aka tashi, jama'a sun kwarara cikin fili. Idan haka ta sake faruwa, wanda ke tsakiyar layi ba shi da zaɓin tsayawa wuri ɗaya.

Batun 'yan wasa kuwa, bari in ba ka labarin biyu da na bi sosai. Ben Roethlisberger an yi masa aikin a farkon Satumban 2006, ya rasa wasan farko na kakar NFL, wato gasar ƙwararrun wannan wasa a Amurka, ya dawo bayan kwana goma sha biyar, kuma a wasan da ya dawo ƙungiyarsa ta Pittsburgh ba ta ci ko maki ɗaya ba, an tashi 9 da 0. Wanda ya fi kama da kai shi ne Joe Burrow, wanda ya fara a wurinmu kafin ya koma Jami'ar Jihar Luwiziyana, inda ya ɗauki kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, da kofin ƙasa a kakar 2019. Nasa afendis ɗin ya fashe ne a ƙarshen Yulin 2022, lokacin yana buga wasa a NFL, ya rame, sai tsakiyar Agusta ya koma atisaye, kuma bai buga wasa ba sai ranar 11 ga Satumba, inda abokan hamayya suka cafke ƙwallon da ya jefa har sau huɗu. Ba zan ce aikin ne kaɗai ya jawo haka ba, amma ka duba tazarar: saurayi mai shekara ashirin da biyar, wanda jikinsa ne sana'arsa, ga likitoci da masu kula da abincinsa kewaye da shi kullum, sai da ya yi fiye da mako shida kafin ya shiga wasa. Waɗanda suke dawowa da wuri kuma kasada suke yi da sani, ana biyansu miliyoyin daloli a kanta, kuma akwai likita a bakin fili yana kallonsu. Kai kuwa idan jiri ya ɗebe ka a tsakiyar layi, sai an ratsa mutane kafin a iso gare ka.

Shawarata ita ce ka haƙura da na bana. Tikitin wannan wasa ba ya kwantai, ko ka sayar ko ka ba wani abokin da zai ji daɗinsa. Sarki Edward na Bakwai na Ingila ma an gano yana da ciwon nan ana saura kwana biyu bikin naɗinsa a Yunin 1902, manyan baƙi sun riga sun hallara a Landan, aka yi masa aiki aka ɗage bikin har 9 ga Agusta. Kuma kakar ba a nan ta ƙare ba. Tun 2024 ƙungiya goma sha biyu ke shiga gasar fitar da zakara, kuma wasannin zagayen farko a filayen jami'o'i ake yin su a watan Disamba. In ƙungiyarku ta samu matsayin da za ta karɓi baƙunci, lokacin ka haura mako shida da aikin, za ka je da ƙarfinka.

Ƙaramin Ɗan Kallo ya rubuta:

Yaya, sannu da jiki, Allah ya ba da lafiya. Ina girmama maganar Baba Dattijo, kuma duk abin da ya faɗa game da filin haka yake, amma ina ganin an yi saurin rufe ƙofa tun likitan da ya yi aikin bai ce komai ba. Mako uku ba kwana uku ba ne, kuma likitoci da kansu suke cewa a riƙa tafiya, kada a kwanta.

Akwai hanyar zuwa wasa wadda ba irin ta kullum ba. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman ta 1990 ta wajabta wa filaye irin wannan su tanadi wuraren zama da ake isa ba tare da hawa da sauka mai yawa ba, kuma ofisoshin tikiti sun saba da mutanen da suka samu rauni ko aka yi musu aiki a tsakiyar kaka. Babu abin da zai hana ka kira su tun yanzu ka bayyana halin da kake ciki, ka nemi a musanya maka wuri, ka kuma tambayi yadda za ka shiga da magani, tunda filin ba ya barin a shiga da jaka. Sai wani ya tuƙa ka ya sauke ka kusa iya yadda aka yarda, ka bar zaman gashin nama da ake yi a wuraren ajiye motoci kafin wasa, kada ka taɓa akwatin ƙanƙara ko kujerun ninkewa, ka shiga da wuri tun kafin cunkoso, ka kuma fita ko dai kafin a tashi ko bayan an watse.

Abin da ya sa nake wannan magana shi ne, zuciya ma tana da rabonta a warkewa. Mutumin da aka kwantar ba shiri, yana zaune a gida yana ganin duk abin da ya saba yi yana wuce shi, yakan shiga damuwa, kuma samun ranar da yake jira yana sa shi ya dage da tafiya da cin abinci da shan magani. Wannan wasa ya san darajar marasa lafiya. A filin Kinnick na Jami'ar Ayowa, tun 2017, da an gama kashin farko cikin kashi huɗu na wasa sai dukan 'yan kallo da 'yan wasa su juya su ɗaga wa yaran da ke kwance a asibitin da ke kallon filin hannu. Ba don maganin da ke cikin ɗaga hannu ake yi ba, don a nuna wa mara lafiya cewa ba a manta da shi ba ne. Ni dai ina ganin kada Yaya ya sayar da tikitin sai ya ji ta bakin likitansa.

Mai Jinyar Dare ta rubuta:

Ɗan'uwa, tunda ka ce ya fashe, ko da kaɗan ne, to ni na fi karkata ga maganar Baba Dattijo, ko da yake ƙaninmu ya yi gaskiya a abu biyu: kada ka saki tikitin kafin ganin likita, kuma kiran ofishin tikiti tun yanzu ba zai rage ka da komai ba. Inda na saɓa da shi shi ne batun tafiya. Gaskiya ne muna matsa wa marasa lafiya su riƙa takawa, domin tafiya tana tayar da hanji daga barcin da maganin tiyata ya sa shi, tana buɗe huhu, tana kuma rage haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, wanda ke nan na makonni bayan aiki. Amma tafiyar da muke nufi ita ce wadda za ka iya tsayawa ka huta ko ka juya gida duk lokacin da ka ga dama. A filin wasa wannan 'yancin ne ba ka da shi. Gajiyar da ka ambata kuma kada ka raina ta, jikin da ya yi yaƙi da cuta a cikin ciki yana kashe ƙarfinsa ne wajen gyara, sanyi kuma zai ƙara masa wani aikin.

Idan ka je wurin likitan, kada ka tambaye shi ko za ka iya zuwa kallon wasa, domin zai iya ɗauka zama za ka yi a kujera mai laushi na awa biyu, ya ce babu laifi. Ka zayyana masa yinin yadda Baba ya zayyana maka: tsawon tafiyar ƙafa, matakalai, tsayuwar awa uku ko fiye, sanyin, cunkoson, da kuma cewa kai mutum ne da ba ya iya kallo shiru. Ka gaya masa gaskiya game da zazzaɓi, ci, bayan gida da barci, ko da kana tsoron gaskiyar za ta hana ka zuwa. Ka tambaye shi har yaushe dokar ɗaga kaya za ta ci gaba a kanka, domin likitoci sun bambanta a wannan, kuma shi ne ya ga abin da ke cikin cikinka da idonsa. In ya amince, to ka bi tsarin da ƙaninmu ya kawo ba tare da rage komai ba, ka je da mutumin da ya yarda tun daga gida cewa idan ka ce a tafi za a tafi, ko da wasa ya kai inda ba a son ƙiftawa.

In kuma ya hana, ko kai da kanka ka ji jikin bai kai ba, kallo a gida ma yana buƙatar shiri, don na ga waɗanda suka dawo mana daga kan kujerar falonsu. Ka ajiye matashin kai a kan cinyarka, duk lokacin da ihu ko dariya ko tari ya taho ka danne cikin da shi, wannan yana tallafa wa wurin hujin, yana kuma rage zafi sosai. Kada ka zabura daga zaune, ka dafa hannun kujera ka miƙe a hankali. Wasan yana da hutun talla da yawa, ka mayar da su lokacin zagaya ɗaki, a hutun rabin lokaci kuma ka ɗan yi tafiya mai tsawo. Abincin da aka saba ci a ranar wasa, soyayyun fukafukan kaji da cuku da nama mai maiƙo, yana da nauyi ga hanjin da bai gama dawowa daidai ba, ka ci kaɗan kaɗan, ka sha ruwa sosai, domin yunƙurin bayan gida mai tauri shi ma matsi ne a kan ɗinkin. Ƙwayoyin kashe cutar da aka ba ka ka shanye su har ƙarshe ko da ka ji garau. Farasitamol kuma kada ya wuce giram 4 a yini, ka duba takardar duk wani maganin mura da za ka sha, don da yawansu suna ɗauke da shi a ciki. Idan abokai za su zo kallo, ka zaɓi kaɗan, ka kuma gaya musu tun farko cewa babu runguma da dukan kafaɗa idan an ci maki.

Akwai alamomin da idan ka ga ɗaya daga cikinsu, ko a gida kake ko a fili, ko saura minti biyu a tashi, maganar wasa ta ƙare, sai kiran likita: zazzaɓin da ya kai digiri 101 a ma'aunin Amurka, wato 38.3 a ma'aunin Salshiyos, ko rawar sanyi. Ciwon ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Amai da ya ƙi tsayawa. Ciki ya kumbura kuma iska da bayan gida su daina fita. Wurin huji ya yi ja, ya yi zafi, ko ya fara fitar da mugunya. Ko wani ƙullutu ya turo a cibiya. Idan kuwa sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ka nemi a duba ka a ranar, kada ka kwana da ita. In numfashi ya yi maka wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙe, wannan ba na jiran likitanka ba ne, lambar agajin gaggawa ta 911 za a kira nan take. Ka rubuta lambar ofishin likitan a wayar wanda zai kasance tare da kai ranar Asabar ɗin, domin ofisoshin tiyata suna da likitan da ke amsa kira ko a ƙarshen mako.